Wa Ke Riƙe Da Ma'aunin Kyau? Jikin Mace Tsakanin Mulki, Kasuwa Da Tatsuniya

Tsawon shekara kusan dubu a ƙasar Sin, akan kama yarinya 'yar shekara biyar ko shida, a jiƙa ƙafarta cikin ruwan ɗumi, a lanƙwashe ƙananan yatsunta huɗu zuwa ƙarƙashin tafin ƙafa, sannan a naɗe da dogon ƙyalle a ja da ƙarfi har tsakiyar ƙafar ta tanƙware. Bayan 'yan kwanaki a kwance a wanke, a sake ɗaurewa tamau fiye da na farko. Haka za a yi ta yi har ƙashi ya karye ya kama a yadda aka murɗe shi. Abin da ake nema shi ne ƙafar da tsawonta bai wuce santimita 10 ba, irin wadda mawaƙan zamanin suka yi ta wasawa. Lamarin ya faro daga fadojin sarakuna wajen ƙarni na 10, ya gangaro gidajen attajirai, daga nan ya shiga ƙauyuka, har ana ƙiyasta cewa a ƙarni na 19 kusan rabin matan ƙasar ƙafarsu a ɗaure take.

Babu dogarin da ke shiga gida ya yi wannan aiki. Uwa ce ke yi, ko kaka, kuma ita ma an yi mata, ta san zafinsa fiye da kowa. Sarakunan Manchu da suka ci ƙasar a ƙarni na 17 ma hanawa suka yi, jama'a suka yi kunnen uwar shegu da dokar, a 1668 fada ta janye ta. To me zai sa uwa mai hankali ta karya ƙafar 'yar da ta haifa? Lissafi ne. Gidan da ake so yarinya ta shiga ba ya ɗaukar amarya mai babbar ƙafa, kuma a wancan zamani mace ba ta da wata ƙofar rufin asiri sai aure. Uwar da ta ji tausayin 'yarta yau ta jefa ta cikin wahalar shekara hamsin. Masu bincike biyu, Laurel Bossen da Hill Gates, sun zanta da tsofaffin matan ƙauyuka kusan 1,800, da yawansu an yi musu ɗaurin, suka fito da wani dalilin na daban a littafinsu na 2017: yarinyar da ba ta iya guje-guje tana zama wuri ɗaya ta yi kaɗi da saƙa tun safe har dare, kuma iyali na cin abinci da wannan aikin. A yankunan da yadin masana'anta mai araha ya fara isa, zaren hannu ya daina kawo kuɗi, ɗaurin ƙafa ya riga mutuwa a can.

Yadda abin ya ƙare ma yana da darasi. Gwamnatin jamhuriya ta haramta shi a 1912, amma kafin nan, tun ƙarshen ƙarni na 19, an kafa ƙungiyoyin iyalai masu alkawari biyu: ba za su ɗaure ƙafar 'ya'yansu mata ba, kuma ba za su bar 'ya'yansu maza su auri mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Alkawari na biyun ne ya yi aiki, domin shi ne ya tabbatar wa uwa cewa 'yarta za ta samu miji. Al'adar da ta gagari sarakuna ta ruguje a birane cikin tsara guda, ko da yake ta daɗe tana jan ƙafa a lunguna, kuma masana'anta ta ƙarshe mai ɗinka waɗannan ƙananan takalma, a birnin Harbin, sai a 1999 ta daina.

Daga nan nake ɗauko tambayar da nake auna kowace ƙa'idar kyau da ita: me ke samun wadda ta ƙi? Son kwalliya halin ɗan Adam ne, babu al'ummar da aka taɓa samu ba ta ado, maza da mata. Wanda ya ce duk macen da ta sa kwalli baiwa ce, ya raina wa mata hankali. Idan wadda ta ƙi bin yayi ba ta rasa komai ba, ado ne kawai. Idan kuwa za ta rasa miji, ko aiki, ko mutunci a idon jama'a, ko 'yancin fita titi, to an wuce maganar ado, an shiga maganar iko, ko da da murmushi ake yi.

Abu na gaba da ake lura da shi shi ne ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma kullum inda yake komawa shi ne inda talaka ba ya iya kaiwa. Lokacin da yawancin matan Turai ke aikin gona a rana, farar fata fes ita ce shaidar 'yar babban gida, har ana shafa hodar da aka haɗa da farar dalma. Dalmar kan ci fata, sai a ƙara shafawa don ɓoye tabon. Maria Gunning, wadda aka yi yayin kyanta a Landan, ta mutu a 1760 tana da shekara 27, kuma ana danganta mutuwarta da wannan hoda. Da talakawa suka koma masana'antu da ofisoshi inda rana ba ta taɓa su, sai kiɗa ya canza: daga shekarun 1920 fatar da rana ta gasa ta zama abin yayi, don tana nuna mai ita na da kuɗin zuwa hutu bakin teku. Haka ƙiba. Inda abinci ke wuya, jiki mai tsoka shi ne kyau. A wasu yankunan Muritaniya har yau akan tilasta wa 'yan mata ɗirkar abinci fiye da kima don su yi jiki kafin aure. Inda kuma abinci mai sa ƙiba ya fi kowane araha, siranta ce ta zama tsada, tana bukatar lokaci da wurin motsa jiki da abinci na musamman. Masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya faɗi wannan tun 1899 game da rigar matse ƙugu da matan Turai da Amurka ke ɗaurawa: macen da aka matse har ba ta iya sunkuyawa talla ce ga dukiyar mijinta, tana shaida wa duniya cewa yana iya ciyar da wadda ba ta aiki.

Ke nan ba a tsara ma'aunin don kowa ta cika shi ba. Ranar da yawancin mata suka kai gare shi, ya daina bambanta kowa da kowa, sai ya matsa gaba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne inda launin fata ya haɗu da mulki. A 1786 gwamnan Luwiziyana, wadda a lokacin ke hannun Sifaniya, Esteban Miró, ya kafa doka cewa mata baƙaƙe, har da 'ya'yan da ba bayi ba, dole su rufe gashinsu da ɗankwali a bainar jama'a. Laifinsu shi ne ado da gyaran gashin da suke yi ya sa ana kasa gane matsayinsu a titunan Niyu Olins. Matan suka bi dokar, amma suka riƙa ɗaurin da yadi mai tsada da salo iri-iri har ɗankwalin ya zama abin sha'awa. A Afirka ta Kudu, bayan dokar rajistar jama'a ta 1950, akan soka fensir a gashin mutum: in ya zame ya faɗi, ana iya rubuta shi a wani rukunin launin fata, in ya maƙale, a wani. Unguwar da zai zauna, makarantar da zai shiga da wanda zai aura duk suna iya rataya a kan wannan. Sai Sarah Baartman, wadda aka ɗauko daga can aka kai Landan a 1810 ana nuna surar jikinta ana karɓar kuɗi. Ta mutu a Faris a 1815, aka feɗe gawarta, aka ajiye ƙasusuwanta a gidan tarihi ana kallo har cikin shekarun 1970, sai a 2002 aka mayar da su gida aka binne. Abin takaici, irin surar da aka mayar da ita abin dariya a kanta ita ce yau ake biyan likitoci su ƙera, ta hanyar tiyatar ɗebe kitse daga ciki a zuba a mazaunai, wadda likitocin fannin da kansu suka sa cikin mafi haɗarin tiyatar gyaran jiki. Gasar sarauniyar kyau ta Amurka, wadda aka fara a 1921, ta daɗe da rubutacciyar ƙa'ida cewa mai shiga sai farar fata. Baƙar fata ta farko ta shiga gasar ƙasa a 1970, ta farko da ta lashe kuma, Vanessa Williams, sai a 1983.

Hukumomi kan yi amfani da jikin mace kamar allon sanarwa, su rubuta a kai irin ƙasar da suke so a ce suna mulka. Ba hukuncin addini kan sutura nake tattaunawa a nan ba, wannan fagen malamai ne. Hannun hukuma nake kallo. A 1936 Sarki Reza Shah na Iran ya haramta lulluɓi don a ce ƙasarsa ta waye, 'yan sanda suka riƙa fizge mayafi daga kan mata a titi, mata da yawa suka zaɓi zaman gida na shekaru maimakon su fita a haka. A 1983, bayan juyin juya hali, dokar ƙasar ta koma hukunta wadda ta fita ba lulluɓi, kuma a Satumban 2022 Mahsa Amini, 'yar shekara 22, ta mutu bayan jami'an kula da ɗa'a sun kama ta kan yadda ta sa nata. A Aljeriya a 1958 'yan mulkin mallakar Faransa sun shirya taruka a fili ana cire wa mata mayafi ana ɗaukar hoto, a Faransa kanta kuma an hana alamomin addini masu bayyana a makarantun gwamnati a 2004, aka hana rufe fuska a wuraren jama'a a 2010. Wannan ya ce cire, wancan ya ce sa, suna ganin juna a matsayin abokan gaba. Amma dukansu sun yarda da abu ɗaya, cewa ɗan sanda na da ta cewa kan abin da ke kan mace.

Kasuwa ta fi hukuma dabara, don ba ta bukatar ɗan sanda. Hanyarta ita ce ta nuna miki aibin da ba ki san kina da shi ba, sannan ta sayar miki da maganinsa. A 1915 kamfanin Gillette ya fitar da rezarsa ta farko ta mata, daidai lokacin da mujallun Amurka suka fara tallan riguna marasa hannu suna kiran gashin hammata abin kunya. A Indiya, man Fair & Lovely da ya fito a shekarun 1970 ya shafe shekaru yana talla mai labari ɗaya: budurwa mai duhun fata an ƙi ta a neman aiki ko neman aure, ta shafa mai, ta yi haske, ƙofofi suka buɗe. Sai a 2020, bayan suka ta yi yawa, aka canza masa suna zuwa Glow & Lovely. Ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Gana da Ruwanda sun kafa dokokin hana mayukan bilicin masu sinadarai masu cutarwa, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa sinadarin makurin da ake sawa a wasunsu na lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma iya kaiwa ga jariri a ciki. Duk da haka cinikin bai mutu ba, ya koma bayan fage ne kawai. Ba jahilci ke sa shi rayuwa ba. Wadda ke shafawa ta ga wa ake ɗauka aikin karɓar baƙi, ta ga wa ake sawa a fim, ta ga wa ake rububin aura, ta yi irin lissafin da uwar can ta ƙasar Sin ta yi.

Wurin aiki shi ne inda ake iya ganin farashin ƙin bin ƙa'ida a rubuce. A shekarun 1950 da 1960 kamfanonin jiragen saman Amurka kan ɗora ma'aikatansu mata a sikeli, su sallami wadda ta yi aure, su yi wa wadda ta kai shekara 32 ko 35 ritaya, har sai da hukumar daidaita damar aiki ta ƙasar ta yanke a 1968 cewa wannan wariya ce. Kada a ce tsohon zance ne: a Disamban 2015 an kori Nicola Thorp gida ba biya daga aikin karɓar baƙi a Landan saboda ta ƙi sa takalmi mai tsini. Takardar kokenta ta samu sa hannu sama da 150,000, majalisa ta yi muhawara, gwamnati ta ce dokar da ke akwai ta isa. A Japan a 2019 Yumi Ishikawa ta tayar da irin wannan koke, ministan ƙwadago ya amsa cewa al'umma ta amince da tilasta irin takalmin in aiki ya bukata.

Za a ce ai maza ma ana auna su da fuska, kuma gaskiya ne. Binciken Daniel Hamermesh da Jeff Biddle na 1994 a Amurka da Kanada ya nuna waɗanda aka ɗauka marasa kyau na samun albashi ƙasa da na matsakaita da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma giɓin bai fi sauƙi ga maza ba. Bambancin yana wani wuri. Namiji kan cika sharaɗin da wanka da aski da tsabtatacciyar riga. Mace sai ta biya da sa'o'i kowane mako, da kaso na albashinta, wani lokaci da lafiyarta. Sannan ga tarko mai baki biyu: in ba ta yi kwalliya ba a ce ƙazama ce ko ba ta ɗauki aikin da muhimmanci ba, in ta yi da yawa a ce da fuska ta samu muƙamin, in wani ya ci zarafinta a tambayi me ta sa. Furfura ga namiji kwarjini ce, ga mace alamar lokacinta ya wuce. Iko irin wanda kyau ke bayarwa gaskiya ne, yana buɗe ƙofa, amma aro ne: wani ke bayarwa, shi ke karɓewa, kuma yana da ranar ƙarewa.

Yanzu ga labari, wanda a ganina ya fi doka da talla zurfi, don yana shiga kan yaro tun bai iya gardama ba.

Ɗauki tatsuniyar Sindirela. Ɗaya daga cikin tsofaffin rubutattun sigoginta daga Sin ta fito, a ƙarni na 9: yarinya mai suna Ye Xian ta yar da takalmin zinariya, sarki ya sa aka yi ta gwada wa mata, babu wadda ya shiga saboda ƙanƙantarsa. A sigar Charles Perrault ta 1697 takalmin ya zama na gilashi. A ta 'yan uwan nan Grimm na Jamus kuwa, uwa ce ke miƙa wa 'yarta wuƙa ta ce ta yanke yatsa, ɗayar kuma ta yanke dunduniya, tana lallashinsu cewa in sun zama sarauniya ba za su ƙara tafiya a ƙasa ba. Yarima bai gane fuskar wadda ya yi rawa da ita ba, da awon ƙafa ya neme ta. Wani abin lura kuma, a rubutun Grimm 'yan uwan nata kyawawa ne a fuska, zuciyarsu ce baƙa. Fim ɗin Disney na 1950 kuwa ya zana su munana, kuma wannan hoton ne ya zauna a kan yaran duniya. Labarin da ya taɓa cewa kyan fuska na iya ɓoye mugunta an gyara shi ya koma cewa muni da mugunta abu ɗaya ne.

Tatsuniyar yarinyar nan fara kamar ƙanƙara da wadanni bakwai ta fi wannan tona asiri. Sarauniya na da mulki da dukiya, amma kowace safiya sai ta tambayi madubi ko har yanzu ita ce mafi kyau, kuma amsar madubi ce ke yanke mata kwanciyar hankali. Muryar wa ke cikin madubin? Sarki, mijinta, kusan ba ya fitowa a labarin, bai ma bukatar fitowa, an riga an sa masa wakili a bango. Kishiyar da ta hana ta barci yarinya ce 'yar shekara bakwai. A bugun Grimm na farko na 1812 uwar da ta haife ta ce ke neman kashe ta, sai a bugun 1819 aka mayar da ita matar uba don abin ya yi wa masu karatu sauƙin haɗiya. Cikin dabaru uku da ta yi na kisa, biyu kayan kwalliya ne: igiyar matse ƙugu da ta ja har yarinyar ta suma, da matajin kai mai guba. Yarima kuma ya kamu da sonta ne tana kwance cikin akwatin gilashi, ba motsi ba magana. Yarinyar da aka yi wa wannan tatsuniya ta koyi abubuwa da yawa ba tare da an furta ko ɗaya ba: kujerar kyau guda ce, duk wata mace abokiyar takara ce, tsufa laifi ne, kuma tsohuwar da ta ƙi sauka mayya ce. Masu bincike Lori Baker-Sperry da Liz Grauerholz sun bi tatsuniyoyin Grimm 168 a 2003, suka ga waɗanda suka fi yabon kyan mace su ne aka fi sake bugawa da mayarwa fim. Akwai tatsuniyoyin 'yan mata masu wayo da jarumta a tarin, kasuwa ce ba ta ɗauko su ba.

Wannan gado ya shiga ƙagaggun labaran soyayya da finafinai na ko'ina. Duba yadda ake gabatar da jaruma: sakin layi guda ko biyu ana lissafa mata hanci da ido da gashi da launi, tun kafin ta buɗe baki. Jarumi kuwa da aikinsa da motarsa da fushinsa ake gabatar da shi. In marubuci na so mu tsani wata, sai ya ba ta ƙiba ko duhu ko haƙora a waje. In kuma jarumar ta faro a mummuna, mun san akwai babin da za a cire mata tabarau a gyara mata gashi, kowa ya saki baki. Har an fi so a ce ba ta san tana da kyau ba, domin wadda ta sani kuma take amfani da shi ita ce muguwar labarin. Wato a mallaki kyau, amma kada a mallaki ikon da ke cikinsa. Ba na zargin kowane marubuci da mugun nufi, yawanci lalaci ne, hanya ce mafi sauƙi ta gaya wa mai karatu wa zai so. Sai dai lalacin da aka maimaita sau dubu yakan zama abin da mutane ke ɗauka gaskiya.

Akwai labaran da suka bi wata hanya. A Dare Dubu Da Ɗaya kyawawan 'yan mata sun yi ta shiga ɗakin Sarki Shahrayar ana kashe su da safe, kyau bai ceci ko ɗaya ba. Shaharzad da aka gabatar a matsayin wadda ta karanta littattafai da tarihin sarakuna da waƙoƙi ita ce ta tsira, da baki da ƙwaƙwalwa. Charlotte Brontë a 1847 da gangan ta yi jarumarta Jane Eyre ƙarama, matalauciya, marar kyan fuska, amma masu fim sun yi ta ba kyawawan 'yan wasa matsayin, kamar ba su yarda mai kallo zai jure ba. Wanda ya fi shiga zurfi shi ne littafin farko na Toni Morrison, na 1970, kan yarinya baƙa 'yar shekara 11 a jihar Ohayo da ke roƙon Allah kowane dare ya ba ta shuɗin ido. Babu wani azzalumi guda da za a nuna da yatsa. Akwai 'yar tsana mai farin gashi, da hoton da ke jikin kofi da takardar alewa, da 'yar ajinsu mai hasken fata da malamai ke ji da ita, da uwarta da ta koyi auna fuskoki a gidan sinima har ta ga 'yarta mummuna tun ranar haihuwa. Wannan ya fi kama da yadda abin ke aiki a zahiri fiye da labaran nan na duniyar gaba da ake yayi, inda mugunyar gwamnati ke raba wa mata kaya iri ɗaya ta sa masu bindiga gadi. Irin waɗancan na da amfaninsu, amma suna sa mai karatu ya rufe littafi yana hamdala cewa shi dai ba a haka yake zaune ba, tunda bai ga bindiga a ƙofarsa ba.

Ko labari da hoto na canza jiki da gaske? Ƙasar tsibirai ta Fiji ta ba da amsa mai tayar da hankali. Can a da jiki mai tsoka ake yabo, ramewa kuma abin damuwa ce ga iyali. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga da shirye-shiryen Amurka da Ostireliya da Ingila. Likita Anne Becker da abokan aikinta sun tambayi 'yan matan sakandare a shekarar, babu ko ɗaya da ta ce tana jawo amai don rage ƙiba. Da suka koma a 1998, kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi, kusan kashi uku cikin huɗu kuma suka ce suna jin sun yi ƙiba da yawa. 'Yan matan da aka tambaya ba su da yawa, sittin da 'yan kai ne kowane zagaye, don haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma abin da suka faɗa da bakinsu ya fi alƙaluman: ba samari kawai suke tunani ba, sun ga siraran matan talabijin na da aiki da mota da 'yanci, suka ɗauka sirantar ce hanyar.

Wayar hannu ta ƙara abin da talabijin bai da shi. Da, hoton wata ake nuna wa yarinya ta kwatanta kanta da shi. Yanzu manhaja na nuna mata fuskarta ita kanta, an rage hanci, an goge tabo, an ƙara haske, sannan ana ƙirga mata mutum nawa suka yaba. A Satumban 2021 takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar sun nuna binciken kamfanin da kansa ya gano kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata matasa sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram, manhajar kamfanin, na ƙara musu. Kamfanin ya ce an yi wa sakamakon gurguwar fahimta. Faransa tun 2017 da Norwe tun 2022 sun wajabta sa alama a hoton tallan da aka gyara surar mutum a ciki. Niyyar mai kyau ce, amma gwaje-gwajen da aka yi kan irin wannan alama galibi sun nuna ba ta rage ɓacin ran mai kallo. Ido na riga karatu, kuma sanin cewa hoto ƙarya ne bai hana mai ɗaukar aiki ko mai neman aure auna mutum da shi.

Shi ya sa nake ganin hujjar "ai ita ta zaɓa" rabin gaskiya ce, haka ma nasihar "ki so kanki yadda kike". Dukansu sun mayar da nauyin kan mace ɗaya, ita da madubinta, alhali masu sa farashin suna waje: mai ɗaukar aiki, mai zaɓen 'yan wasa, surukar da ke duba amarya, marubucin da ke zana jaruma, abokan ango masu dariya. Zagin wadda ta yi bilicin ko tiyata ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, ƙari ma yake a kan hukuncin da ake mata.

A Koriya ta Kudu, ƙasar da ke sahun gaba a tiyatar gyaran fuska kuma aka daɗe ana manna hoto a takardar neman aiki, dubban 'yan mata sun gwada abin a tare a 2018. Suka farfasa kayan shafarsu, suka rage gashi, suka yi ta ɗora hotunan a intanet da sunan fita daga rigar matse ƙugu. Wasu sun sha zagi da barazana, wasu sun samu matsala a wurin aiki. A watan Afrilun shekarar, wata mai karanta labaran safe a tashar MBC, Lim Hyeon-ju, ta gaji da sa gilashin cikin ido da gashin ido na kanti tun kafin asuba, ta fito a talabijin da tabarau. Abokan aikinta maza sun shekara da shekaru suna karanta labarai da tabarau ba wanda ya tanka. Nata sai da ya zama labari a jaridun ƙasar da na waje.